Je Ki Tambayi Uwa

Kalma guda ce ta shiga tsakanina da dattijon da ya riƙe ni kamar 'yar cikinsa a Dubai, kuma kalmar ita ce "uwa". A kanta na ɓata masa suna a gaban manajanmu, ya rasa aikinsa, ya tattara ya koma gida. Na daɗe ina ba kaina wannan labari ta inda laifina zai yi sauƙi. Na gaji da hakan, yau zan faɗe shi yadda ya faru.

Wani kamfanin kargo nake wa aiki a lokacin, a Ras Al Khor, can cikin layin masu kayan gyaran mota. Ofishinmu ɗaki ne a saman sito, bangonsa ɗaya gilashi, in ka ɗaga kai daga kwamfuta sai ka hango lebura suna ta jan kwalaye a ƙasa. 'Yan kasuwarmu na Kano da Maraɗi da Damagaram su sayi kaya a Murshid Bazaar, takalma ne, turare ne, tukwane ne, abaya ce, a ɗaure a kawo mana. Mu namu shi ne mu faɗi yadda za a jera su a kwantena: wanne zai shiga ƙurya, wanne zai hau kan wanne, yadda nauyi ba zai taru a gefe guda ba. Da can da ido ake yi, da gardama. Dattijon nan ne ya zauna ya rubuta manhajar da ke yin lissafin, shekaru kafin in zo.

Mutumin Maraɗi ne, dogo, siriri, furfurarsa duk ta taru a gemu. Da Faransanci ya yi karatunsa na injiniya, Turancinsa kuwa na neman abinci ne, iya wanda zai fahimci manaja, manaja ya fahimce shi. Kowa Injiniya yake ce masa. Ni kaɗai nake ce masa Baba, domin tun ranar da na fara aiki ya dube ni ta saman tabarau ya ce, "Ke ce ɗiyar tamu ta Kano?" Daga nan sunana ya ɓace a bakinsa, sai ɗiyata. In ya je hutu ya dawo, ƙunshin cuku da kilishi na daban yake ajiye mini a tebur, ya ce in kai wa maigidana ya san ana cin daɗi a Nijar. Yana tsokanata wai mu Kanawa mun iya sauri amma ba mu iya saurare ba, ni kuma in ce su sun ɗauki Hausa sun zuba mata Faransanci har ta daina gane kanta. Duk ranar Talata ba ya shigowa sai bayan azahar, yana asibiti saboda hawan jini da sukari. Katin asibitin na kamfani ne, kamar yadda bizarsa take ta kamfani. Na san wannan sarai, kada wani ya yi mini uzurin cewa ban sani ba.

Dole in ɗan yi bayanin manhajar, in ba haka ba ba za a gane wautata ba. Irin wannan manhaja ba dunƙule guda ba ce, sassa ne, kowanne da sunansa da aikin da yake yi. Babbar cikinsu Baba ya sa mata suna lodi. A cikin lodi ya rubuta wasu ƙanana waɗanda ba sa zaman kansu, ita kaɗai ke iya aiken su. Ɗaya tana auna girman kwali, ɗaya tana ware abin da ke fashewa, ɗaya kuma, wadda ya kira rinjaye, tana duba kada nauyi ya karkata. Mai kamfanin ya sa an kulle ainihin rubutun, domin an taɓa yi masa ta'asa, wani ma'aikaci ya kwafe abin da ya samu ya tafi ya buɗe nasa wurin. Saboda haka mu sauran ba ma iya buɗe fayil ɗin mu karanta. Abu biyu aka bar mana: mu sa manhajar ta yi aiki, ko mu tambaye ta. Tambayar kuwa ba wuya. Ka rubuta kalmar help, ka bi ta da sunan abin da kake nema, sai bayanin da marubucin ya ajiye ya fito a allo.

In na rubuta help lodi, layi huɗu ne ke fitowa, gajeru, da Turancin Baba: ga abin da za ka ba ta, ga abin da za ta ba ka. Shi ke nan. In na rubuta help rinjaye, sai kwamfuta ta ce ba ta san wani abu mai wannan suna ba. Na gwada da manyan baƙaƙe, na gwada da ƙanana, amsar ɗaya ce. A farko abin bai dame ni ba, ban ma taɓa gaya masa ba, tunda mai abin yana zaune a gefena. In na maƙale kujera kawai nake juyawa, ya miƙo hannu ya gyara, in ci gaba.

Sai mahaifiyata ta rasu. Ina ofis aka bugo, da hantsi, kafin in sami jirgi an riga an kai ta. Na je na tarar da tabarmi da mutane, ita ban tarar da ita ba. Ita kaɗai ce a duniya ta iya da zuciyata, don ina da zuciya, duk gidanmu an sani. In na hau, kallo ɗaya take mini in sauka. Da na dawo Dubai, Baba ya zo har gidanmu a Karama, ya hau bene hawa uku da ciwon gwiwarsa, da ledar dabino a hannu. Ya zauna da maigidana a falo ya yi addu'a mai tsawo, sannan ya tambayi sunan marigayiya, ya maimaita shi sau biyu don ya riƙe. Ina bayan labule ina kuka, ina kuma jin daɗin cewa a garin nan an sami wanda ya nemi sanin sunanta.

Bai fi mako uku da komawata aiki ba abin ya faru. Rana ce mai zafi irin wadda na'urar sanyaya ɗaki ke yi kamar ba ta yi. Ga kwantena biyu a bakin sito, ga wani alhaji daga Murshid a waya yana ta yi wa Baba faɗa kan kwalayen turarensa. Manhajar ta tsaya mini, ta fito da jan rubutu cewa rinjaye ta ƙi karɓar abin da na ba ta. Na sake neman bayaninta, kwamfuta ta sake cewa ba ta san ta ba. Na juya na ce, "Baba, rinjaye ta ƙi, kuma na nemi bayaninta an ce babu."

Bai juyo ba. Waya na maƙale a kafaɗarsa, ya ɗaga mini hannu ɗaya ya ce, "Ai ba ta amsa miki hakanan. Je ki tambayi uwa tukuna." Ya ci gaba da rarrashin alhajinsa.

Duk wanda ya tashi a Kano ya san inda ake ce wa mutum ya je ya tambayi uwa. A bakin famfo ake faɗa, da tasha, in rigima ta kai inda aka ajiye kunya. Ban taɓa jin an faɗa wa babba ba sai da nufin zagi. Kuma ni aka faɗa wa, ni da ƙasar kabarin uwata ba ta gama kwanciya ba, daga bakin mutumin da ya hau bene uku ya tambayi sunanta. Na tashi na shiga banɗaki na kulle, na yi kukan da ko a gidan makoki ban yi ba. Da na fito na wanke fuska, na yi lissafin kwantenar da hannu a takarda, na miƙa wa shugaban lebura.

Da na tambaye shi a ranar me yake nufi, da maganar ta mutu kafin la'asar. Ban tambaya ba, na ƙullace shi. Gaisuwa ta koma "ina kwana" a tsaye, ba russunawa, ba tambayar jiki. Shayin karak da yake sayo mana da hantsi ya riƙa hucewa a teburina har a zo a kwashe. Ya tambaye ni sau da yawa ko lafiya, in ce lafiya lau. Ya ɗauka makoki ne, sai ya ƙara lallaɓa ni, ni kuma lallaɓawar ta ƙara ba ni haushi, ina ganin mutum ya zage ka kuma ya dawo yana maka fuska biyu. Sau ɗaya ya jawo kujerarsa ya ce in kawo ya gwada mini abin nan na rinjaye da na tambaya rannan. Na ce na riga na gane. Ƙarya nake. Maigidana ma da na gaya masa ya ce anya, dattijon nan bai yi kama da mai zagi ba, in koma in tambaye shi. Na ce masa ai shi ba uwarsa ce ta mutu ba. Bai sake tayar da zancen ba.

Ana nan sai kamfani ya shiga rage ma'aikata. Manajanmu, wani mutum mai saurin magana da ba ya son dogon bayani, ya kira ni ofishinsa ya rufe ƙofa. Ya ce kwantiragin Injiniya ya kusa ƙarewa, yana so ya san abu biyu: in babu shi zan iya riƙe manhajar, kuma ya ajiye bayanin aikinsa yadda wani zai iya ɗauka?

Ina iya cewa ban tabbatar ba tukuna. Ina iya cewa a ba ni kwana biyu. Abin da na ce shi ne babu wani bayani, layi huɗu ne kawai a sama, duk abin da ke ciki a rufe yake, kuma da gangan ya bar shi haka don kada a iya komai sai da shi. Na ƙara da cewa in an tambaye shi ma baƙar magana yake mayarwa. Na ce zan iya riƙewa, ko da ta kama in sake rubuta ta daga farko. Na faɗa da Turanci mai kyau, a natse, har ina jin daɗin yadda maganar ke fita. Manaja ya gyaɗa kai ya rubuta wani abu ya ce, "Khalas," wato shi ke nan. Na fito ina jin na rama wa mahaifiyata. Alhali na san ba abin da Baba ya tsana kamar a ce mutum ya ɓoye sani. Ya sha ba ni labarin wani malaminsa da ya koya masa lissafi kyauta a ƙarƙashin rumfa, yana cewa har yanzu nauyin mutumin nan na kansa. Daidai inda zai fi masa ciwo na zaɓa.

Mako biyu aka ba shi. Bai yi faɗa ba, bai roƙi kowa ba. Maganar ta zaga ofis har ƙasa wajen lebura cewa Injiniya ya ɓoye aiki an gano shi. Shi kuwa tun safe har tashi yana gaban kwamfuta yana ta bugawa da yatsunsa biyu, ko Talatar asibitin ma bai je ba, duka biyun. Ina satar kallonsa ina cewa a raina sawunsa yake gogewa.

Ranar da zai tafi ya zo gaban teburina da 'yar jakarsa a rataye. Ya ce, "Ɗiyata, komi na nan ciki, na rubuta miki. In kin tambaya za ta hwaɗa miki." Ban ɗago sosai ba. Sai ya yi abin da kowane dattijo ke yi in zama ya ƙare. Ya ce, "In na saɓa miki a zamanmu, ki yahe mini."

Na ce, "Allah ya yafe mana baki ɗaya."

Duk Bahaushe ya san bambancin wannan da "na yafe". Shi ma ya sani. Ya tsaya kaɗan kamar mai jiran saura, da ya ga babu ya ce amin, ya sauka bene a hankali yana dafa ƙarfe.

Na zaci da tafiyarsa za a ba ni makullin fayil ɗin. Ba a ba ni ba. Mai kamfanin ya yi tafiya, kuma shi ba ya yarda da kowa, manaja ya ce in jira. Wata biyu ina fama. In rinjaye ta ƙi karɓar lamba, in yi ta sauya lambar har ta karɓa, ban san dalilin ƙin ba, ban san dalilin karɓar ba. Rannan aka dawo mana da kwantena guda daga hanya saboda nauyi ya karkata gefe. Lebura suka sauke ta kaf cikin rana tsaka, kwali-kwali, ina kallonsu ta gilashi rigunansu sun manne da jiki. Shugabansu, wani dattijo mai haƙuri, ya ɗago kai ya dube ni sau ɗaya kawai. Da ma zagina ya yi da ya fi mini sauƙi.

Na koma na zauna gaban jan rubutun nan. Na gan shi ya fi sau ɗari, amma kullum ƙarshensa nake dubawa, inda sunan rinjaye yake, in tsallake farkon kamar yadda mutum ke tsallake adireshin gidansu a jikin takarda. Ranar, don na rasa abin yi, na karanta shi daga farko. Ba rinjaye kawai aka rubuta ba. An rubuta lodi, sai alamar nan mai kama da bakin kibiya da ake nufin "ya fi" da ita a lissafi, sannan rinjaye. Babbar a gaba, ƙaramar a bayanta. Haka yake tun ranar farko. Na sa hannu na rubuta help lodi>rinjaye, na danna.

Allo ya cika da rubutu har ya zarce ƙasa. Da farko ban gane yaren ba. Hausa ce, amma da baƙaƙen Faransanci ya rubuta ta, tch inda muke sa c, ou inda muke sa u, dj inda muke sa j. Ido ba ya kama ta sai an furta. Dole na riƙa karantawa a fili, ƙasa-ƙasa, sai ga shi muryarsa ce ke fita daga bakina. Layin farko ya ce wannan ɗiyar lodi ce, a cikinta take zaune, ba a samun ta sai an fara kiran uwa. A gefen kalmar ya sa ta Faransanci, mère. Ɗan Faransancin da na tsinta a bakinsa ya ishe ni in san ma'anarta. Su a karatunsu, babbar da ke ɗauke da ƙanana uwa ake ce mata, ƙananan kuma 'ya'yanta. Bai yi komai ba face abin da ya saba yi kullum, ya ɗauko kalmar makarantarsu ya mayar da ita Hausa don in fi ganewa. Amsar tambayata ya ba ni a ranar, cikakkiya, waya na maƙale a kafaɗarsa.

Na ci gaba da karantawa. Ga dalilin ƙin rinjaye a layi na shida: 'yan kasuwar Nijar in za su rubuta kilo goma sha biyu da rabi waƙafi suke sawa tsakanin sha biyun da biyar, yadda aka koya musu, mu kuma ɗigo muke sawa. Ya ce in na ga waƙafi in mayar da shi ɗigo, kada in goge shi, in na goge kwalin kilo sha biyu da rabi zai zama na ɗari da ashirin da biyar. Abin da na yi wata biyu ina yi ke nan. Abin da ya sa lebura suka sauke kwantena cikin rana ke nan.

Na bi 'ya'yan ɗaya bayan ɗaya, tara ne, kowacce na kira ta ta wajen uwarta ta amsa. A kowacce akwai tsohon bayani da ya fara da cewa ya rubuta wannan ne saboda ɗiyarsa da ta zo sabuwa, wato tun watan da na fara aiki. A ƙasansa kuma akwai sabo, mai tsawo, da misalai, har da sunayen irin kayan da ke ba da wahala, tukwane masu shiga cikin juna da kwalaben turare. Wannan ne abin da ya zauna yana bugawa da yatsu biyu a makonni biyun da na ce sawunsa yake gogewa. A can ƙarshen bayanin rinjaye ya bar layi uku da ba su shafi nauyi ba. Zan rubuta su da irin baƙaƙenmu:

"Ɗiyata, manaja ya hwaɗa mini kin ce ba ki samu bayani ba. Na duba ban gane inda ya gaza ba, amma tunda kin ce bai isa ba, bai isa ba, na ƙara. In da saura ki yi haƙuri, iyakar abin da na sani ke nan."

Ashe ya san ni ce. Ya sani ranar da ya tsaya gaban teburina yana neman in yafe masa.

Ban jira zuciyata ta ba ni shawara ba, don na san irin shawararta. Na tashi na kira manaja, na kira akawu, na aika aka hawo da shugaban lebura, tunda maganar ta kai har ƙasa. Na nuna musu allon, na ce abin da na faɗa a kan Injiniya ƙarya ne, bai ɓoye komai ba, ni ce ban iya tambaya ba, kuma girman kai ya hana ni a koya mini. Shugaban lebura ya ce shi dama bai taɓa yarda ba. Manaja ya leƙa allon ya ce madalla, ashe bayani na nan, matsala ta ƙare. Na ce a dawo da shi. Ya dube ni kamar na yi wani yare, ya ce an riga an rufe gurbin, an soke biza, khalas. Ya ce in fassara bayanin zuwa Turanci kafin ƙarshen mako.

Kwana uku lambar wayarsa ta Maraɗi na hannuna ina juya ta. Ranar Asabar da hantsi, ina zaune a kicin ɗinmu na Karama, na buga. Mace ce ta ɗauka, muryar manya, na gane matarsa ce. Na gaishe ta na faɗi sunana. Ta ce ba ta gane ba. Na ce daga Dubai ne, ofis ɗinsu ɗaya da Baba. Ta ce to, mutanen Dubai da yawa suna bugowa, wacce daga ciki? Na rasa yadda zan kwatanta kaina, sai na ce ni ce wadda mahaifiyarta ta rasu, ya zo mana ta'aziyya.

Nan take muryarta ta sake. Ta ce, "Ayya, ke ce ɗiyar Hajiya?" Ta ambaci sunan mahaifiyata cikakke, yadda aka faɗa masa a falonmu. Ta ce ai sunan nan ta haddace shi, don kullum in ya idar da salla sai ya sa ta a addu'a tare da nasa iyayen.

Sannan ta gaya mini. Mako uku da suka wuce ya faɗi a tsakar gida, ɓarin jikinsa ya shanye, magana sai da ƙyar. Maganin da yake sha a Dubai ya ƙare, wanda aka samu a can bai karɓe shi ba. Ban ce ni na jawo masa ba, ciwo da ajali na Allah ne. Amma na san abin da ranar Talata take a wurinsa, kuma na san wanda ya shiga ofishin manaja ya yi Turanci mai kyau.

Ta ce bari ta kara masa wayar a kunne, yana ji, amsawa ce ke masa wuya. Na ji numfashinsa. Na faɗa masa komai, ban rage ba: abin da ya ce, abin da na ji, abin da ake nufi da shi a garinmu, abin da na je na faɗa. Na yi tsammanin zai yi mamaki ko ya yi salati. Numfashi kawai nake ji. Da na rasa abin ƙarawa na ce, "Baba, na tambayi uwa."

Ya daɗe yana kokawa da harshensa kafin ta fito. Ya ce, "Ta amsa?"

Na ce, "Ta amsa, Baba."

Ya ce, "Madalla."

Na ce ya yafe mini don Allah. Na shirya jin irin amsar da na ba shi, ita na cancanta. Wannan karon bai daɗe ba. Ya ce, "Na yahe."

Kuka ya ci ƙarfina. Sai a lokacin na tuna shi ma ya nemi tawa yafiyar, a tsaye, da jaka a kafaɗa, kuma har yanzu ban ba shi ba. Babu abin da ya yi mini da za a yafe, amma ya roƙa, na hana. Na share fuska na ce, "Baba, ni ma na yafe, na yafe duniya da lahira." Sai na ji muryar matarsa. Ta riga ta ɗauke wayar, ta ce ya gaji, idonsa ya rufe. Na roƙe ta ta gaya masa abin da na ce, da kalmomin da na faɗa. Ta ce in sha Allah za ta faɗa masa in ya farka.

Kwana tara bayan nan ya rasu. Muna gaisawa da matarsa har yau, duk bikin salla ina bugawa, tana ce mini ɗiyar Hajiya. Ban taɓa samun ƙarfin halin tambayarta ko ta faɗa masa ba.